Nicanor Mai Guduma

Ranar da na fara ganin Nicanor Zepeda, a cikin ramin ninkaya na gan shi, ramin da aka kwashe wa ruwa, yana zaune a kan ƙirjin wani ƙato yana buga masa ƙeya da siminti. Ni aikin gilashi nake yi. Ranar an kira ni in cire tagogin wani gida da za a rushe a Palm Springs kafin masu guduma su shiga, sai na tarar da masu gudumar sun jeru a bakin rami, hannu a aljihu, suna kallo.

Na tambayi na kusa da ni, "Me ya haɗa su?"

"Na ƙasan nan shi ne shugaban aiki. Ya shuri karen Nicanor."

"Shi ne kuka tsaya? Zai kashe shi fa!"

"Sauka ka raba mana, tunda kai uwarka ta haifa da yawa."

Na sauka. Na rungumo Nicanor ta baya, bai ko waiwayo ba ya kai mini gwiwar hannu a baki, haƙorina na gaba ya fita. Amma dai na janye shi. Aka fitar da shugaban aiki a kan wani tsohon ƙyaure, muƙamuƙinsa a karye, Nicanor kuma ya tafi gidan yari shekara guda da wani abu. Karen, wani baƙi mai ɗingishi, ba wanda ya kula shi, sai ya biyo motata. Da Nicanor ya fito ya nemo gidana a Cathedral City. Ya dubi karen ya ga ya yi ƙiba, sannan ya dubi bakina.

"Ni na cire maka wannan?"

"Kai ne."

"To ai ka fi kyau haka. Sunanka?"

"Evaristo."

"Evaristo, zo mu je in saya maka abinci mai laushi."

Haka muka soma. Daga baya ni na riƙe 'yarsa Griselda a coci ranar baftisma, tun daga nan ba mu ƙara kiran juna da suna ba, sai kompadre, yadda uban yaro da wanda ya riƙe yaron a baftisma ke kiran juna a wurinmu.

Labarin yarintarsa ban ji shi a dunƙule ba, gutsure-gutsure na tsinta, wani a bakinsa, wani a bakin mahaifiyarsa Doña Eufemia. Ubansa Anastasio magini ne, daga Sonora ta ƙasar Meziko ya ƙetaro lokacin da attajirai suka gano hamadar nan suka fara gine-gine. Shi ke buga bulo mai huji-huji, irin wanda ake jerawa a gaban gida ya tare rana ya bar iska ta wuce. Da rana yana gina wa mutane gida mai bangon gilashi, da yamma ya koma bukkar katako da kwano a tsakiyar gari, inda baƙaƙen fata da 'yan Meziko suke zaune. Sai aka ga filin ya yi daraja. Nicanor yana wajen shekara tara ya dawo daga makaranta ya tarar katafila ta ture bukkarsu, an tara katakon an cinna wuta, da katifarsu da keken ɗinkin uwarsa duk a ciki. Uwar tana tsaye da ƙaninsa Fidencio a kafaɗa. Uban ya iso a guje da cokalin gini a hannu, ya haye katafilar ya fizgo direban ƙasa. Sauran ma'aikatan suka taru masa da bututun ƙarfe a gaban 'ya'yansa. Ya bar haƙora a wurin, kunnensa na hagu kuma bai ƙara ji ba.

Suka koma arewacin gari, inda iska ke shigo da yashi har cikin tukunyar wake. Anastasio ya ci gaba da buga bulo, amma ya koyi kwalba, dukan da ya sha kuma bai riƙe shi shi kaɗai ba, sai ya riƙa rabawa a gida. Nicanor kan tura Fidencio ƙarƙashin gado, shi ya tsaya ya karɓa. Da ya kai sha shida sai ya ƙwace bel ɗin a hannun tsohon, ya maka shi da ƙasa a tsakar gida, ya ce in ya sake ɗaga wa wani hannu a gidan nan zai turbuɗe shi a yashi. Tsohon bai sake ba. Bai kuma sake yi wa Nicanor magana ba har ya mutu.

Gidajen nan da yanzu ake zuwa kallo daga ko'ina, a zamanin da na san Nicanor babu mai son su. Masu kuɗi sun gaji da shimfiɗaɗɗen rufi da gilashi, kowa jan rufi irin na Sifen yake so da ƙofa mai baka. Wasu gidajen a lulluɓe su da filasta, wasu a kai su ƙasa. Nicanor ya samu aikin da ya dace da shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuyansa kamar kututturen dabino, ban kuma taɓa ganin mutum yana jin daɗin rusau kamarsa ba. Zai tofa yawu a tafi, ya saɓa guduma, ya tsaya a ƙofar gida ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ga ɗan Anastasio ya zo gaisuwa."

Sai ya nufi bangon gilashi. Ni kuwa in bi shi ina ihu.

"Kompadre, tsaya in cire! Wannan zai yi amfani!"

"Yana yi mini amfani yanzu ma," in ji shi, sai ka ji tartsatsi.

Fidencio tare suke aiki, amma shi ba ya son gumi. Dogo ne siriri mai yawan dariya. Kafin yayansa ya shiga da guduma, shi ya riga ya kwance fitilu da marikan ƙofa da wayar tagulla ya loda a akori-kura. Nicanor na kiransa ungulu. Shi kuma ya ce, "Yaya, ka kashe in ci, ai ba a yi asara ba." Duk faɗan da Fidencio ya tsokano da baki a mashaya, Nicanor ke ƙarasa shi da hannu. Akwai ranar da ya tsokani wani mai aikin gonar inabi, mutumin ya zaro wuƙa. Nicanor ya shiga tsakani, wuƙar ta tsaga masa ciki daga haƙarƙari zuwa cibiya. Bai faɗi ba sai da ya karya wa mutumin hannu a kan gefen tebur, sannan ya dafe cikinsa da riga ya ce Fidencio ya kawo mota. A hanyar asibiti yana zaginsa wai ba ya iya tuƙi.

Matar Nicanor, Otilia, guga take yi a wani otal. Sau ɗaya ya mare ta, a kan abin da shi kansa bai iya tunawa ba. Ta bari ya zauna cin abinci, ta ɗauko kaskon ƙarfen da take gasa tortiya, wainar masararmu, da zafinsa, ta kwaɗa masa a tsakar kai. Kafin ya farfaɗo ta kwashe kayanta ta ɗauki Griselda ta tafi Indio wurin 'yan'uwanta. Ni na raka shi biko, kansa a naɗe da bandeji. Muka tarar da yayyenta maza a ƙofa, kowa da shebur. Ita ta taga ta yi masa magana.

"Na san gidan da ka fito, Nicanor. 'Yata ba za ta tashi a ƙarƙashin gado ba."

Na ɗauka zai afka wa masu shebur. Sai ya juya ya shiga mota. Na bi shi muka kama hanya.

"Ta yi daidai," in ji shi. "Da ni ne ita, da na ƙara na biyu."

Bai sake aure ba.

Sai zamani ya juya. Mutane daga Los Angeles da wasu wurare suka fara sayen tsofaffin gidajen, suna neman wanda zai mayar da su yadda suke tun farko. Cikinsu har da Misis Harriet Lindqvist, tsohuwar malamar makaranta daga Minnesota, mijinta ya rasu. Ta sayi wani gida a gindin dutse, mai rufi kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Waɗanda suka zauna kafin ita sun shafe bangon gaba da filasta sun yi masa fenti ruwan kabewa. Ina gyara mata tagogi ta ce ko na san wanda zai kawar mata da wannan mummunan bango. Na ce na san wanda ba abin da ya iya sai shi.

Nicanor ya zo ya kai bugu ɗaya. Filasta ta zubo, sai ga bulo mai huji a ƙasa, hujin kamar fure mai ganye huɗu, an cusa masa tsofaffin jaridu an liƙe da siminti. Ya tsaya da guduma a sama. Bugu na biyu bai zo ba.

"Mista Zepeda, lafiya?" in ji matar.

"Wane jaki ne ya rufe wannan?"

Ya koma mota ya ɗauko ƙaramar guduma da ɗan ƙarfe mai baki, ya durƙusa ya fara ɓare filastar a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Da muka zauna cin abincin rana na tambaye shi ko aikin tsohonsa ne.

"Ina zan sani? Waɗanda suka buga irin wannan suna da yawa. Amma akwai akwatin buga irin wannan bulon a bayan ɗakin tsohuwarmu, kaji na kwana a ciki."

Ya yi makonni a kan bangon nan. Bulon da suka fashe ya buga sababbi. Ya kori kajin ya wanke akwatin, ya riƙa ɗebo yashi daga busasshiyar ƙorama yana gwadawa, in launin bai yi daidai da na da ba ya farfashe ya sake. Ranar da ya gama, da la'asar, rana ta ratso hujin ta zuba furanni a kan daɓen tarazo har cikin falo. Misis Lindqvist ta tsaya tana share hawaye. Shi kuwa ya ce mata kada ta kuskura ta bar mai ban ruwa ya jiƙa masa gindin bango.

Daga wannan gida sunansa ya fita. Duk mai tsohon gida Don Nicanor yake nema, sunan girman da aka koma kiransa da shi ke nan, masu zanen gine-gine na kawo masa tsofaffin hotuna suna tambayarsa ko zai iya. Halinsa dai bai sauya ba. Wani saurayi mai fararen takalma ya sayi gida, bayan an gama masa bango ya ce a shafa masa fenti ruwan hoda. Nicanor ya buɗe bokitin ya juye masa a kan takalman ya ce ya duba ko launin ya yi masa. Wani mai fenti ya sa injin goge katako a kan tsohuwar ƙofa ya cinye mata fuska. Nicanor ya ɗauke shi ta bel da wuyan riga ya jefa shi a ramin ninkaya, wannan karon da ruwa, sannan ya bi shi da injin.

Na ce masa, "Kompadre, da kana dukan mutane kana rushe gida, yanzu kana dukan mutane kana gyara gida."

"To ai an samu ci gaba."

Misis Lindqvist ce kaɗai ba ta tsoronsa. Takan sa shi ya zauna ya sha kofi, ta yi masa faɗa a kan zagi. In zafi ya matso, kamar sauran masu gidajen, takan koma arewa, ta bar masa mabuɗi. Na taɓa tambayarsa ko ya fara son gidajen ne.

"Ba gidan nake so ba. Masu gidan ma ba su dame ni ba. Aikin ne ba na son a wulaƙanta."

Juyin da ya ɗaga Nicanor shi ya ɓata Fidencio. Tsofaffin fitilu da ƙofofi da bulo sun yi tsada, amma an daina rusau, babu inda zai tsinta. Sai ya fara shiga gidajen da ke tsaye, a watannin zafi, lokacin da unguwa gaba ɗaya ba kowa sai ƙadangaru. Magana ta iso kunnen Nicanor. Wata Lahadi ina teburin Doña Eufemia, ana cin miyar tumbi bayan coci, ya ajiye cokali.

"Ungulu, na ji abin da kake yi."

"Me ka ji, Yaya?"

"Ka je ka yi a inda ka ga dama. Amma in na same ka a gidan da na taɓa da hannuna, sai na karya ka."

"Ba a teburina ba," in ji tsohuwa.

Fidencio ya yi dariya yana yagar tortiya. "Mama, kin ga ɗanki? Ya zama karen gadin Turawa. Sun ba shi mabuɗi ya rataya a wuya. Yaya, su wa suka ƙona mana ɗaki? Su wa suka kurmantar da Baba? Ni ina karɓo mana namu ne kaɗan-kaɗan."

"Namu? Wa ka taɓa ba ko ƙwandala a ciki?"

"Na ce ba a teburina ba!"

Kowa ya koma kan kwanonsa. Ni na ci gaba da shan miya, ban ɗago ba.

A watan Agusta ne abin ya faru, Nicanor ya kusa sittin. Irin ranar nan da in ka taɓa ƙofar mota sai ta ƙona ka. Ƙofar gilashin Misis Lindqvist ta baya tana cijewa, ya ce in zo in duba. Mun isa da tsakar rana. Tun daga kwana muka ji ƙarar injin yanka. Akwai akori-kura an shigar da ita da baya a rumfar mota, ƙofar gaban gidan kuma tana kwance a bayanta, an ɗaure da igiya. Wani ƙaton Bature mai sanƙo, daga baya na ji sunansa Dwayne Kessler, yana yanka bangon bulo gunduwa-gunduwa, ya riga ya cire kusan rabi ya jera a kan bargo.

Na ce, "Kompadre, bari in kira 'yan sanda."

Kafin in rufe baki ya fita. Bai ɗauki komai ba. Ya je ya fizge wayar injin daga bango. Ƙarar ta mutu, Kessler ya juyo, ƙura ta yi masa fari fat.

"Kai kuma wane ne, tsoho?"

"Ni na gina abin da kake yankawa."

"To ka iya aiki. Kauce."

Nicanor ya kai masa naushi a maƙogwaro. Mutumin ya ja da baya yana tari, ya lalubo rodi a ƙasa ya kawo duka. Na ji ƙarar haƙarƙarin Nicanor daga inda nake. Ya durƙusa, aka ƙara masa a kafaɗa. Na ruga na kama rodin, ƙaton ya yi jifa da ni kamar tsumma, kaina ya bugu da motar, jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗaya idon na ga Nicanor yana rarrafe. Ya kai hannu kan bargon nan ya ɗauki bulo guda cikin waɗanda aka cire, ya kama shi hannu biyu ya sauke wa Kessler a gwiwa. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba ta lanƙwasuwa. Ƙaton ya faɗi yana kururuwa. Nicanor ya haye shi ya ɗaga bulon zai sauke masa a fuska.

"Yaya! Yaya, bari!"

Fidencio ne a bakin ƙofa, da fitilar falo a rungume, irin mai ƙwallaye da yawa da ke rataye a tsakiya. Nicanor ya dube shi. Ya ajiye bulon a hankali. Ya miƙe, hannu ɗaya a dafe da haƙarƙari, numfashinsa na fita da ƙara.

"Me na gaya maka a gaban tsohuwa?"

"Yaya, tsaya ka ji. Matar nan tana da inshora, za a biya ta. Kai kuma za ta sake kiranka ka gina. Kowa ya samu. Ka ga?" Har da ɗan murmushi.

"Da me ka buɗe ƙofar?"

Fidencio ya kau da kai, Nicanor ya matso.

"Mabuɗina ka sata ka yanko wani? A gidan tsohuwa, ina cin abinci?"

"Aro na yi."

Ya ja da baya zuwa cikin falo, Nicanor na binsa. Na miƙe ina dafa bango na bi su, ina kiran kompadre, kompadre, ba wanda ya ji ni. Fidencio ya jefa masa fitilar, ƙwallayen suka tarwatse a daɓe. Nicanor ya taka su ya wuce. Ya kama shi a wuyan riga ya mare shi, ya sake marinsa, irin marin da ake wa yaro, ga shi mutum mai furfura. A na ukun ne dariyar ta bar fuskar Fidencio. Tun da suke bai taɓa ɗaga wa yayansa hannu ba. Ranar ya dunƙule hannu ya kai masa daidai karyayyen haƙarƙarin.

"Kai ba ubana ba ne! Kai ne shi ma, sak! Kai ne shi!"

Nicanor ya yi wani irin ƙara, ya sunkuya ya rungume shi a ƙugu ya tura. Suka tafi da baya su biyu, suka ture kujera, suka faɗa bangon gilashin da ke kallon ramin ninkaya.

Gilashin yanzu in ya fashe rugurgujewa yake yi kamar tsakuwa. Na wancan zamanin ba haka yake ba, dogaye yake tsagewa kamar takubba, na wannan bangon kuwa na asali ne, ba a taɓa sauya shi ba. Na ƙasa ya fashe da su, na sama ya tsaya kamar ƙiftawar ido, sannan ya sauko.

Da na isa, Fidencio na kwance rabi a falo rabi a waje. Gilashi ya shige masa cinya ta ciki, can sama, jini na fita yana tsalle. Nicanor na durƙushe a kansa, hannunsa na dama a tsage daga tafi zuwa gwiwar hannu har ana ganin fari, da wannan hannun yake danna raunin. Na cire bel na ɗaure cinyar, wurin ya yi sama da yawa, bel ɗin ba ya kamawa. Na kira motar asibiti, yatsuna na zamewa a kan waya.

"Ungulu, dube ni. Dube ni nan! Kada ka rufe ido, ɗan banza."

"Yaya, ka danna da ƙarfi."

"Ina dannawa."

"Kada ka gaya wa Mama a nan ne."

"Kai za ka gaya mata da bakinka."

Jinin ya malale a kan tarazo ya gangara waje, yana taɓa simintin da rana ta gasa yana bushewa nan take. A waje Kessler na ta ihu a zo a taimake shi. Leɓen Fidencio ya yi fari.

"Yaya, sanyi nake ji."

Nicanor ya fizge rigarsa da hannun hagu ya rufa masa. Da motar asibiti ta iso sai da mutum uku suka ɓamɓare shi daga kan gawar, ya fasa wa ɗayansu hanci.

Na faɗi abin da na gani a gaban hukuma, ba ƙari ba ragi. Aka ɗaure Kessler. Nicanor ba a kama shi da laifi ba, aka ce ɓarayi ya tarar a gidan da aka ba shi amana. Da aka gaya masa a gadon asibiti sai ya juya fuska bango.

Ranar jana'iza ya zo da hannu a rataye. Doña Eufemia ta haura tamanin, da sanda take tafiya. Ta gan shi a ƙofar coci, ta saki hannun wadda ke riƙe da ita, ta nufo shi. Ta ɗaga sandar ta fara dukansa, a ka, a fuska, a kan ɗinkin hannun. Ba ta yi kuka ba. Shi kuma ya cire hula ya sunkuyar da kai don ta kai. Sai da sandar ta suɓuce mata. Ya sunkuya ya ɗauko ya miƙa mata. Ta karɓa ta shige coci. Shekara ta zagayo ta rasu ba ta sake yarda ya shiga gidanta ba.

Yatsunsa uku na dama ba su ƙara rufuwa ba. Duk da haka da sanyi ya shigo ya koma gidan, ya mayar da bangon da hannun hagu, bulo bayan bulo, har sanyin ya wuce. Cikin falon dai bai sake takawa ba, ko ruwa zai sha sai a famfon waje. Misis Lindqvist ta dawo ta kwana biyu ta ce ba za ta iya ba, ta sa gidan a kasuwa. Ni na sauya gilashin gaba ɗaya kafin a sayar. Waɗanda suka saya sukan buɗe shi ga masu yawon kallo a watan Fabrairu, ana sa wa mutane ledar takalmi don kada su ɓata daɓe.

Wannan ne aikinsa na ƙarshe. Griselda, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya, ta zo ta kwashe shi ta kai shi Indio, ta ba shi ɗakin baya. Nakan je duk bayan mako biyu mu zauna a inuwar lemo. Ya rame, wuyan ya saki. Ba ya shan giya, ba ya faɗa, ba ya yawan magana. In wani ya ɗaga murya a titi sai ya tashi ya shige ɗaki. Otilia na zaune a layi na gaba, wani lokaci takan aiko masa da abinci, ranar da ya kamu da mura ma ta zo da kanta ta zauna a bakin ƙofa tana yi masa faɗa a kan kwana da fanka.

Shanyewar jiki ce ta kama shi a ƙarshe. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti, bakinsa a karkace. Abin da ya iya roƙon Griselda shi ne a binne shi kusa da Fidencio. Ta je ta nemi dangi, matar Fidencio da 'ya'yansa suka ce ko kusa. Sai ta samo masa wuri a maƙabartar Coachella, can gefe wajen titi. Ba mu da yawa a wurin: ni, da Griselda da mijinta, da Otilia, da wasu magina biyu da ya taɓa duka. Iska ta taso da yashi, limamin coci ya gajarta addu'a, muka watse.